Takardun Sirri a Matsayin Garkuwa: Kasadar Mai Fallasa da ta Waɗanda Sunayensu ke Ciki

A ƙarshen watan Yulin 2010, kwanaki kaɗan bayan shafin WikiLeaks ya saki takardun sirri sama da 75,000 na sojojin Amurka kan yaƙin Afganistan, sai ga wani fayil ya bayyana a shafin ba tare da wani bayani ba. Girmansa gigabait 1.4, an raɗa masa suna inshora, an kuma kulle shi da tsarin AES-256, irin wanda ita kanta gwamnatin Amurka take kulle manyan asiranta da shi. Mutane a ƙasashe da dama suka yi ta sauke shi suna ajiyewa a kwamfutocinsu, alhali ba su san abin da ke ciki ba, ba su kuma da mabuɗinsa. Amma kowa ya gane saƙon: duk ranar da aka taɓa Julian Assange, wanda ya kafa shafin, ko aka rufe shafin, za a saki mabuɗin, kowa ya buɗe nasa kwafin. A watan Disambar shekarar, lauyan Assange na lokacin, Mark Stephens, ya kwatanta fayil ɗin da makamin nukiliya na zamanin bayanai.

Tun daga nan, duk lokacin da wani jami'in leƙen asiri ya tsere daga ƙasarsa, sai a ji ana tambayar ko ya ajiye wani abu da zai fito in an kashe shi. Wasu na ganin wannan ita ce kaɗai dabarar da ta rage wa mara ƙarfi a gaban mai ƙarfi, wasu kuma na cewa barazana ce tsagwaronta da ke zubar da mutuncin fallasa. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake cakuɗa abubuwa uku da suka yi kama da juna a ido.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Mai fallasa shi ne ma'aikacin da ya ga ɓarna a hukumar da yake aiki, kamar karya doka, wawure dukiya ko take haƙƙin jama'a, ya fito da ita don a gyara. Abin da ya raba shi da wanda ke sayar wa wata ƙasa sirri shi ne wa ya kai wa bayanin, kuma me yake nema a kai.

Abu na farko da irin wannan mutum kan yi shi ne ajiye kwafin hujjojinsa a hannun lauya ko 'yan jarida, don kada labarin ya mutu in an kama shi. Abin da aka ajiye shi ne dai abin da ake shirin bugawa, za kuma a tace shi kafin ya fita. Ƙungiyar Forbidden Stories da aka kafa a Faransa a 2017 a kan wannan tsari take aiki: ɗan jaridar da ke fuskantar barazana ya ajiye bincikensa a wurinta, in an kashe shi ko an ɗaure shi, wasu su ƙarasa. Ƙungiyar ce ta haɗa 'yan jarida suka ci gaba da binciken 'yar jarida Daphne Caruana Galizia da aka kashe da bam a Malta a watan Oktoban 2017.

Na biyu shi ne fayil ɗin inshora. A nan da gangan ake ware bayanan da suka fi haɗari, ɗanyu, ba a goge sunan kowa ba, a kulle su, a sanar da gwamnati cewa suna nan. Akan raba mabuɗin tsakanin mutane da yawa, ko a saita kwamfuta ta sake shi da kanta in mai shi ya kwana biyu bai leƙa ba. Ƙarfin wannan dabara gaba ɗaya ya dogara ne ga girman ɓarnar da za ta auku in an buɗe.

Na uku a kotu yake faruwa: wanda ake tuhuma ya ce ba zai iya kare kansa ba sai an kawo takardun sirri gaban alƙali, gwamnati kuma ta zaɓa tsakanin tonon asirinta da janye ƙara. Akasarin taƙaddamar ɗa'a a kan na biyun take.

## Abin da ke kai mutum ga haka

Tsoron da ke bayan wannan dabara yana da tushe. Mordechai Vanunu, wanda ya ba jaridar Sunday Times hotunan cibiyar nukiliyar Isra'ila ta Dimona a 1986, jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, sun sace shi a birnin Rum tun kafin labarin ya fito, ya yi shekara 18 a kurkuku, sama da 11 daga ciki a keɓe shi kaɗai. Chelsea Manning, sojan da takardun WikiLeaks suka fito ta hannunta, ta sami hukuncin shekara 35 a 2013 kafin Shugaba Obama ya sassauta shi a 2017.

Sai kuma gurbin da ke cikin doka. Dokar leƙen asiri ta Amurka ta 1917 ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa don amfanin jama'a ya yi ba. Dokar kare masu fallasa ta 1989 ta cire ma'aikatan hukumomin leƙen asiri irin su CIA da NSA mai sauraren hanyoyin sadarwa. Dokar sirrin gwamnati ta Birtaniya ta 1989 ita ma ba ta san uzurin amfanin jama'a ba. Ko ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ake yabawa, ta bar batun takardun tsaro a hannun kowace ƙasa.

Misalin da masu fallasa suka fi kafa hujja da shi shi ne na Thomas Drake, babban jami'i a NSA. Ya bi hanyoyin cikin gida, ya kai koke ga ofishin sufeto-janar mai binciken ɓarna a cikin gwamnati da kwamitocin majalisa kan almubazzaranci da sa ido ba bisa ƙa'ida ba, kafin daga baya ya yi magana da wata 'yar jarida. Jami'an FBI suka bincike gidansa a 2007, aka tuhume shi da laifuka goma a 2010. A 2011 manyan tuhume-tuhumen suka rushe, ya amsa ƙaramin laifi guda, amma aikinsa ya tafi, ya koma ma'aikaci a shagon Apple. Edward Snowden, wanda ya fallasa takardun NSA a 2013, ya sha faɗin cewa abin da ya sami Drake ne ya koya masa kada ya dogara da hanyar cikin gida.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu kare dabarar suna cewa ɗaiɗaikun mutum ba shi da soja, ba shi da kotu, ba shi da kurkuku, abin da ya sani shi ne kaɗai abin da yake da shi. A ganinsu kariyar kai ce, domin mai fayil ɗin ba kuɗi yake nema ba, ba kuma muƙami ba, ransa da 'yancinsa yake nema a bar masa. Suna ƙarawa da cewa in gwamnati ta bi doka, fayil ɗin ba zai taɓa buɗewa ba, don haka duk ɓarnar da ta auku alhakinta na wuyan wanda ya fara kai hari.

Masu suka sun kasu biyu. Hukumomin tsaro na cewa babu ma'aikacin da ke da ikon yanke hukunci shi kaɗai kan asirin ƙasa, balle ya mayar da shi abin ciniki. Wannan matsayi an san shi, kuma da irinsa suke fuskantar kowace fallasa, mai inshora da mara inshora.

Sukar da ta fi nauyi daga cikin masu goyon bayan fallasar take fitowa, kuma ga yadda take. Duk abin da ke cikin fayil ɗin, ɗaya ne daga cikin biyu. Ko dai abu ne da jama'a ke da haƙƙin sani, ko kuma abu ne da fitarsa za ta cutar da mutane. In na farko ne, riƙe shi tauye haƙƙin jama'a ne, domin ma'anarsa ita ce muddin aka ƙyale mai fallasa, ɓarnar za ta ci gaba da zama a rufe, a bar kaza cikin gashinta. Mutanen Kano na da misali a kusa. Cikin wasiƙun ofisoshin jakadancin Amurka da aka buga a Disambar 2010 akwai wadda ta ruwaito cewa kamfanin Pfizer ya ɗauki masu bincike su tono laifukan Antoni-Janar na Najeriya na lokacin, Michael Aondoakaa, don a matsa masa ya janye ƙarar gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kamfanin ya musanta. Da wannan wasiƙa na cikin waɗanda aka kulle don ciniki, da iyayen yaran ba su ma ji labarinta ba.

In kuwa abin da ke cikin fayil ɗin mai cutar da mutane ne, to mai fallasa ya jingina tsaronsa a kan rayukan mutanen da ba a nemi izininsu ba: tafintan da ya yi wa sojoji aiki, ɗan adawar da ya yi hira da jakada, ma'aikacin da ya tsegunta wa ofishin jakadanci wani abu. Mutumin da ya fito da sunan kare jama'a ya zama yana cewa zai bari a cutar da wasu daga cikinsu in an taɓa shi. Da wuya a sami amsar da ta warware wannan kulli, shi ya sa ma akasarin waɗanda ake dangantawa da inshora suke ƙoƙarin nuna cewa tasu irin ta farko ce, wato ajiyar kwafi.

Akwai waɗanda suka zaɓi akasin haka tun farko. Daniel Ellsberg, da ya fitar da takardun Pentagon kan yaƙin Biyetnam a 1971, ya ƙi ba jaridu kundi huɗu da suka shafi tattaunawar sulhu, don kada ya dagula ta, bai kuma yi barazanar sakinsu ba ko da yake fuskantar ɗaurin shekara 115.

## Shin tana karewa kuwa?

Abin da ya faru a zahiri bai ƙarfafa wa dabarar gwiwa ba. WikiLeaks ya sake sakin wasu fayilolin inshora a watan Agustan 2013, mafi girmansu gigabait 349. Duk da haka Assange ya yi kusan shekara bakwai a ofishin jakadancin Ekwado a Landan, aka fitar da shi da ƙarfi ranar 11 ga Afrilun 2019, ya yi sama da shekara biyar a kurkukun Belmarsh. Ba a saki mabuɗi ba ranar da aka kama shi. Abin da ya fitar da shi a watan Yunin 2024 yarjejeniyar amsa laifi ce, bayan doguwar shari'a da matsin lambar gwamnatin Ostareliya. Matsalar irin wannan barazana ita ce sau ɗaya ake iya cika ta. Wanda ya saki mabuɗi ya rasa garkuwarsa, ya kuma ƙara wa kansa tuhuma, gwamnati kuma ta san da haka.

Batun Snowden ya fito da wani haɗarin daban. A watan Yulin 2013, yana maƙale a filin jirgin saman Masko, ɗan jarida Glenn Greenwald ya shaida wa jaridar La Nación ta Ajantina cewa ya kamata gwamnatin Amurka ta riƙa addu'ar kada wani abu ya sami Snowden, domin in ya same shi komai zai fito. Masanin tsaron kwamfuta Bruce Schneier ya mayar da martani cewa a duniya ba Amurka ce kaɗai ke da ruwa da tsaki ba: akwai ƙasashen da burinsu shi ne takardun su fito, kuma an nuna musu hanya mafi sauƙi, wato su kashe shi. Snowden da kansa ya shaida wa jaridar Washington Post a Disambar 2013 cewa irin wannan tsari ya fi kama da kashe kai, ya kuma ce ya miƙa takardun ga 'yan jarida a Hong Kong, bai shiga Rasha da su ba. Jami'an Amurka ba su gamsu da wannan ba, amma furucin Greenwald ya riga ya ba masu sukar Snowden abin riƙewa na tsawon shekaru.

Sai Saad Aljabri, tsohon babban jami'in leƙen asirin Saudiyya da ya gudu Kanada a 2017. A ƙarar da ya shigar a Washington a 2020, ya yi zargin an turo tawagar kisa ta same shi a watan Oktoban 2018, kwanaki bayan kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi. A 2021 ya shaida wa gidan talabijin na CBS cewa ya naɗi bidiyon da zai fito in an kashe shi, mai ɗauke da asiran gidan sarauta da na Amurka. Saudiyya ta kira shi tsohon jami'in da ya zubar da mutuncinsa, kamfanoninta kuma suka maka shi a kotu kan zargin wawure sama da dala biliyan uku, zargin da ya musanta. Aljabri ya tsira da ransa. Amma an kama 'ya'yansa biyu a Riyad a watan Maris na 2020, aka yanke musu ɗauri. Wanda ya riƙe asiri don garkuwa, ana iya riƙe nasa don garkuwa, kuma hannun gwamnati ya fi nasa tsawo. Shari'arsa ta nuna wata wahalar kuma: daga waje ba a iya tantance ko mai riƙe da asirin mai fallasa ne, ko ɗan rikicin cikin gida ne da ya sha kaye, ko duka biyun.

## Ranar da mabuɗi ya kuɓuce

Duk lissafin inshora an gina shi ne a kan cewa mabuɗin zai zauna a hannun mai shi. Abin da ya faru a 2011 ya nuna raunin wannan zato. A 2010 Assange ya ba editan bincike na jaridar Guardian, David Leigh, kalmar sirrin wani fayil mai ɗauke da wasiƙun jakadanci 251,287. Ya rubuta masa ita a guntun takarda, ya bar kalma ɗaya bai rubuta ba, ya ce ya riƙe ta a ka. A watan Fabrairun 2011 Leigh da abokin aikinsa suka buga littafi, suka sa kalmar sirrin cikakkiya a ciki. Jaridar ta ce an gaya mata kalmar ta wucin gadi ce. A gefe guda kuma kwafin fayil ɗin ya riga ya bazu a intanet, lokacin da magoya baya ke kwafe kayan shafin don kada a rufe shi. Watanni aka yi kulle na gefe, mabuɗi na gefe, har wata jaridar Jamus ta ankarar a ƙarshen Agusta. A farkon Satumba WikiLeaks ya saki wasiƙun duka ba tare da goge suna ko ɗaya ba, jaridu biyar da suka yi aiki da shi suka yi tir da matakin.

Wannan fayil ba shi ne na inshora ba, amma tsarin ɗaya ne, kuma babu wanda ya yi niyyar abin da ya faru. A Habasha, 'yan sanda suka kira wani ɗan jarida da sunansa ya fito a wata wasiƙa, suka ba shi awa 24 ya faɗi jami'in gwamnatin da ya tsegunta masa shirin rufe wata jarida. Ya tsere daga ƙasar a cikin watan.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A shari'ar Manning a 2013, Birgediya-Janar Robert Carr, wanda ya jagoranci binciken ɓarnar da fallasar ta yi, ya kasa kawo sunan wani da aka tabbatar an kashe saboda ita. Gwamnatoci sukan zuzuta haɗari. Sai dai gudun hijira, rasa aiki da zaman zullumi ba sa shiga ƙididdigar gawa.

## A gaban alƙali

Nau'i na uku ya fi yi wa manya amfani. Richard Helms, tsohon shugaban CIA, ya ɓoye wa majalisar dattawa gaskiyar abin da hukumar ta yi a Chile. A 1977 aka daidaita da shi kan tarar dala 2,000 da ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, domin cikakkiyar shari'a za ta tona asirai. Irin wannan ne ya sa Amurka ta kafa dokar 1980 da ta tsara yadda alƙali zai duba takardun sirri a keɓe. Duk da ita, a 1989 aka kori ƙarar Joseph Fernandez, shugaban ofishin CIA a Kosta Rika, a badaƙalar Iran-Contra ta sayar wa Iran makamai a ɓoye don tallafa wa 'yan tawayen Nikaragwa, bayan Antoni-Janar ya hana a bayyana takardun da yake buƙata.

Katharine Gun, mai fassara a GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, ta bi wata hanyar. A 2003 ta fitar da wasiƙa guda ɗaya, wadda NSA ke neman taimakon sa ido kan wakilan ƙasashe shida a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da Kamaru, Gini da Angola, gabanin ƙuri'ar yaƙin Iraƙi. Ta amsa wa shugabanninta cewa ita ce, ba ta kuma riƙe komai ba. Lauyoyinta suka nemi a kawo shawarar da Antoni-Janar ya ba gwamnati kan halaccin yaƙin, sai masu gabatar da ƙara suka janye a watan Fabrairun 2004, suna cewa hujjarsu ba za ta kai ba. A nan takardar da aka nema ta shafi shari'ar kai tsaye, alƙali ne kuma zai yanke ko ta fito.

## Abin da ya shafi talaka

Wanda sunansa ke cikin takarda shi ne na farko a layin haɗari, kuma galibi a ƙasashen da ba a tausaya wa mai tsegumi yake zaune. Duk ɗan jarida, malami ko ɗan ƙungiyar farar hula da ya taɓa zama da jami'in wani ofishin jakadanci, mai yiwuwa an rubuta hirar an aika gida.

In kuwa abin da ke cikin fayil kayan kutsen kwamfuta ne, ɓarnar ba ta tambayar suna. A Afrilun 2017 wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers, wadda ba masu fallasa ba ce, ta saki kayan kutsen NSA bayan ta gaza sayar da su a gwanjo. Wata guda bayan haka aka yi amfani da ɗaya daga ciki a harin WannaCry da ya shafi ƙasashe sama da 150, asibitocin Ingila suka soke ganin likita kusan 19,000.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Kowace barazanar inshora tana ba gwamnatoci hujjar tsaurara doka a kan dukan masu fallasa, har da ƙaramin akawun da ya ga ana cushen sunayen ma'aikatan bogi. A Najeriya, tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a Disambar 2016 ya yi alƙawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, ta hanyarsa ne kuma aka gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017, kuɗin da hukumar leƙen asiri ta NIA ta ce nata ne. Amma tsarin manufa ce ta ma'aikata, lada ya tanada, bai tanadi kariyar da kotu za ta tilasta ba. Sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya ba ma'aikaci wata kariya, ita kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram. Ghana ta kafa tata dokar kare masu fallasa tun 2006.

Ƙa'idojin Tshwane, waɗanda masana da ƙungiyoyi daga ƙasashe da dama suka fitar a Afirka ta Kudu a watan Yunin 2013, sun ba da shawarar a kafa hukuma mai zaman kanta da ma'aikacin tsaro zai kai wa koke, a ba shi damar kare kansa a kotu da hujjar amfanin jama'a, shi kuma ya taƙaita ga gwargwadon bayanin da ake buƙata don nuna ɓarnar. Wannan sharaɗi na ƙarshe bai bar gurbin fayil ɗin inshora ba. Majalisar wakilan ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe ta goyi bayan ƙa'idojin a shekarar, amma shawara ce da ba ta ɗaure kowace ƙasa, kuma Amurka da Birtaniya, inda akasarin waɗannan shari'o'i suka faru, ba su shigar da uzurin amfanin jama'a cikin dokokinsu na sirri ba.